Fuskar Yayana a Kan Teburin Baba Shozo

Babban malamin haikali, shugaban unguwa Baba Onodera, Inna Fumie ƙanwar marigayi, Yaya Tatsuro ɗansa da ya zo daga Tokyo, jama'ar unguwarmu, ina gaishe ku. Sunana Kozue. Yaran unguwa ne suka ce in yi magana a madadinsu. Ban saba ba, ku yi haƙuri.

Marigayi Baba Shozo ya kasance mai tara jaruman roba, wato 'yan tsanan jaruman fina-finai, ɗakinsa cike da su har rufi. Ya kasance likitan kayan wasanmu, kuma bai taɓa korar yaro ba. In ka kai masa jarumin da hannunsa ya cire, sai ya juya shi ya ce, "Wannan ba karyewa ya yi ba, tauna shi aka yi. Kai, a gidanku ba a dafa shinkafa ne?"

Ya kasance mai taurin kai. Ƙurar robar da yake gogewa ce ta cinye masa huhu. Inna Fumie takan ce, "Yaya, don girman iyayenmu ka rufe hancin nan." Shi kuma ya ce, "In na rufe, tabarau ya yi hazo, in yi wa ɗan mutane hanci biyu."

Shekarar da teku ya shigo gari, da yawanmu mun rasa mutane, mun rasa hotunansu. Sai ya fara cire kawunan jarumansa, waɗanda bai taɓa bari a taɓa ba, yana sassaƙa fuskokin mamatanmu a kansu. Yayana Noboru yana cikin waɗanda ruwa ya tafi da su. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Mamata Michiyo ta riƙa zama tana kwatanta shi, Baba Shozo yana sassaƙawa. Ta ce, "Kunnen ya fi haka fitowa." Ya ƙara. Ta ce, "Ƙara dai." Ya ce, "Haba Michiyo, yaro kika haifa ko tukunya mai hannu biyu?" Ranar na fara jin dariyarta tun bayan ruwan.

Ido yake zanawa a ƙarshe. Bai kai ga idon Noboru ba ya kwanta ciwon ajali.

Yaya Tatsuro, gobe za a kwashe ɗakin. Kun ce jaruman da ke da ido za a kai su haikali a yi musu addu'a a ƙona, kamar yadda a al'adarmu ake yi wa duk ɗan tsanan da aka zana wa ido. Marasa ido kuma roba ce kawai, motar shara za ta ɗauka. Jiya na roƙe ku ku ba ni na Noboru, kuka ce, "Ƙanwata, in na ba ki ɗaya, gobe masu saye za su yi layi har tasha." Na san masu neman sayen jaruman Baba Shozo sun dame ku tun ranar rasuwar. Ba mu ga laifinku ba.

Amma Noboru yana kan teburin, kusa da taga, ba ido. Ku ba mu shi. In ba zai yiwu ba, ku ba ni makulli yau da yamma in zana masa ido da kaina. Ban iya sosai ba. Ya tafi wuta tare da sauran, a yi masa addu'a. Ba mu sami gawarsa mun ƙona kamar yadda muke yi wa mamatanmu ba. Kada ya tafi a motar shara.

Mun gode da kuka saurare ni. Baba Shozo, mun gode. Muna addu'a hanya ta yi maka sauƙi, numfashi ya daina yi maka wuya, ka isa wurin magabata lafiya. In ka haɗu da yayana, za ka gane shi.