Tsohuwar da Na Ƙaga a Bengu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena da 'yan'uwana. Ku yi haƙuri in maganata ta riƙa zagaye-zagaye, don har yau ban gama gane abin da ya same ni ba.

Sunana Saratu. Kun san ni da kwanon shinkafa a kasuwar nan ta Gaya. Abin da ba ku sani ba shi ne, shekara uku ina ƙarya a kan shinkafar nan.

Ni nake sayo shanshera wurin manoman Yelu, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji, in zauna in tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya. Amma ranar da wata mata ta fara tambayata wa ya yi gumin shinkafar nan fes haka, sai bakina ya ce wata tsohuwa ce a Bengu, ni sayarwa kawai nake. Me ya sa na faɗi haka? Na bar lakwal, wato makaranta, tun aji uku. Gani nake in aka ji aikin Saratu ne, nan da nan za a gano masa aibu.

Tsohuwar nan kuwa ta yi suna! Masu saye har tambayar lafiyarta suke, ni kuma in ce jiki da sauƙi. Wata ta taɓa ba ni sabulu in kai mata, na wanke kayan yarana da shi. In aka yabe ta in ji daɗi, in koma gida kuma in ji haushinta. Mutumin da babu shi nake kishi da shi, ku ji fa.

Sai ga wani Alhaji, ɗan Dosso mai kasuwanci a Yamai. Matarsa ta dafa shinkafar, ya biyo sawu har inda nake zama. Ya ce buhu ashirin yake so kowane wata don gidajen abinci, amma ba zai yi magana da 'yar aike ba, sai da mai aikin. Mu tafi Bengu ranar Asabar.

Na ce to. Ni da ban taɓa cika buhu biyu ba!

Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba. Na zuba gishiri a kunu. Na shirya in ce masa tsohuwar ta rasu, har na gwada kukan a bayan ɗaki. Ranar Alhamis a zumuntar mata na durƙusa na ce, ya Ubangiji, ka sa motar mutumin nan ta lalace. Addu'ar da na yi ke nan, ba zan ɓoye muku ba. Ina cikin yi sai wata tambaya ta tsaya mini a zuciya, ta ƙi tafiya: wa ya ba ki hannun nan? Na tashi, sai kuka na gaske.

Motar ba ta lalace ba. Asabar da hantsi ya zo, har da turmin atamfa na tsohuwa. Ya buɗe mini ƙofa, na sa ƙafa ɗaya ciki, ɗayar ta ƙi ɗaguwa.

Na ce, "Baba Alhaji, babu kowa a Bengu. Ni ce."

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah. Kin ga ciniki ya zo, za ki ture baiwar Allah ki ci guminta?"

Shekara uku ina ƙarya ana yarda, ranar da na faɗi gaskiya aka ce maƙaryaciya ce ni. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ya rufe mota zai tafi. Ban san inda ƙarfin ya fito ba, na riƙe ƙofar na ce ya zo gidana ya gani.

Ya zauna bisa turmi a tsakar gida tun hantsi har la'asar. Na turara shansherar da na jiƙa, na shanya, na ɗebo busasshiya na sussuke a gabansa. Ya murza a tafin hannu, ya tauna. Daga nan ya tambaye ni tukunya nawa gare ni. Na ce ɗaya. Ya ce to ki nemo biyar.

A wata na farko buhu tara kawai muka iya, ya karɓa. Yanzu mu shida ne, mata huɗu daga zumuntar nan da maƙwabciyata Hajara. Har yau kamiyo, babbar motar kaya, yana tsayawa a ƙofar gida ya kwashi buhunan.

Ku masu fara sana'a, kada ku rage roƙonku don kun raina kanku. Ni tukunya ɗaya na taɓa roƙo, ita ma da kunya. Ku dogara ga Ubangiji ko kanku a ɗaure yake, haka na zo masa bai kore ni ba.

Da mai kamiyo ya tambayi sunan da za a rubuta a jikin buhunan, na yi tsaye kamar an dasa ni. Sannan na karɓi alƙalamin, da rubutuna na aji uku, na sa Saratu.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu. Amin.