Yayana Ba Girman Kai Yake Yi Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shirin rediyo. Ni ne Habu daga Bunkure, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake.

Yayana Sale direban taraktar gwamnati ne a gonakin noman rani, ƙarar inji ta cinye masa kunne. Sai a yi masa sallama bai amsa ba, mutane suka ce aikin gwamnati ya sa masa girman kai. Aka daina gayyatarsa suna da ɗaurin aure. Ya bar majalisa, abinci ma sai an matsa masa. In ya ga mutane suna dariya, sai ya yi zaton da shi suke.

Ran Juma'a na same shi a bakin kanal, wato babbar magudanar noman rani, yana kallon ruwa. Ya ce, "Habu, in na faɗa ciki, wa zai neme ni?" Innalillahi! Mutumin da ya goya ni!

Likita a Kano ya ce ciwon damuwa ne. Ya ba shi magani, ya ce mu riƙa fuskantarsa in za mu yi magana, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Haba jama'ar Bunkure, ku dawo masa! Malam, a gaishe mini da shi. Ba zai ji ba, amma ina zaune a gabansa, zan maimaita masa.