Inda Rimin Yake Dā

Wata ranar Laraba, a bakin sabon ɗakin taron da aka gina kusa da Ƙofar Kuyambana, wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarmarta a filin ajiye motoci. Mai gadi ya taso.

"Iya, nan wurin motocin manyan baƙi ne. Ki koma inuwa."

"Inuwar da kuka sare? Nan rimi yake dā, ɗan nan. Da shi ake gane lungunmu."

"Ai an toshe lungun. Ta bayan makaranta ake zagayawa yanzu, kowa ya sani."

"Kowa na cikin gari. Ɗana Jalo shekararsa tara a Ikko. In ya sauka ya ga ba rimi, ba lungu, sai kwalta, wa zai nuna masa gida?"

"Ki aika masa da wasiƙa mana."

"Biyu na sa aka rubuta, duka sun dawo."

"To ya ce yana tafe?"

"Bai ce ba. Motar Ikko dai Laraba take isowa, ni ma Laraba nake zama."

Wata Marsandi ta tsaya, direba ya danna hon. Mai gadin ya juyo wurin tsohuwar.

"Iya, za ki ja mini kora. Ni ma baƙo ne, neman abinci ya kawo ni daga Daura."

"Yaushe rabonka da gida?"

"An yi azumi shida. Amma ai suna nan inda na bar su."

"Jalo ma haka yake zato."

Mai gadin ya mirgino ganga ya tare gefen tabarmar, sannan ya yi wa direban nuni da hannu ya ƙara gaba.