Gyambon da Na Tarar a Jikin Gwaggona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hauwa'u daga Wara, kuma hankalina a tashe yake.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai ɗanta da ke aiki a Legas ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi.

Ranar Juma'a na je gaishe ta ban sanar ba. Tun daga ƙofa zarnin fitsari ya tare ni. Leɓɓanta sun bushe, kofin ruwa yana can kan taga inda hannunta ba ya kaiwa. Na ce, "Gwaggo, kin ci abinci?" Sai da ta dubi ƙofa, sannan ta raɗa mini, "Yi a hankali, ɗiyata, kar ma'aikaciyar da ke kula da mu ta ji."

Da na juya ta, sai ga gyambo a ƙugunta yana ruwa, zani ya manne masa. Ma'aikaciyar ta shigo tana faɗa, "Wa ya ce ki taɓa ta?" Na ce, "Gwaggona ce, kuma yau da ita zan fita." Na ɗauki hoton ciwon, na samo mota muka tafi asibiti. Likita ya ce an daɗe ba a juya ta ba.

Yanzu tana ɗakina, tana murmurewa. Ɗanta kuwa ya ce na kunyata shi, in mayar da ita.

Malam, akwai tsofaffi biyu da na baro kwance a ɗakin da na ɗauko ta. Wa zan kai wa ƙara tun suna da rai?