Saniyar da Ban Gani Ba

Salamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni mahauci ne a zangon garin Sokode, shawara nake nema.

Kwanakin baya ni da ƙanena Idi muka hau babbar mota za mu garin Dapaong sayen shanu. Da muka kai gangaren dutse, sai direba ya kashe inji, wai yana tattalin fetur. Muna roƙonsa, yana dariya. Motar ta ƙwace masa ta kife, Idi ya karye a cinya.

Jiya sai ga mai motar, mutumin da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya kawo goro yana ce mini ɗan'uwa. Wai idan jandarmomi suka kai ni gaban kumandan, in ce saniya ce ta gitta, in ba haka ba masu inshora ba za su biya ba, direba kuma sai kurkuku. Har ya tafi bai tambayi jikin Idi ba. To motarsa za su biya, ko ƙafar ƙanena?

Jama'a, me zan faɗa? Da shanu nake ci. Da saniya ta gitta, ni zan fara ganinta.