Sunan Takarda

Ranar Talata ruwan sama ya tsare mu a rumfar mai shayi, irin wadda 'yan Malay ke kira mamak, a unguwar Sentul. Ina juya shayina sai na ji Hausa a bayana, wani dattijo da wani matashi rungume da jakar makaranta.

"Samari, ina zuwa da jakar yara?"

"Kotu, Baba. Na ɗaukaka ƙara. Uwar 'yata 'yar ƙasar nan ce, ta ce na gudu na bar su, aka hana ni ganin yarinyar. Alhali biza ce ta riƙe ni a Kano."

"Ba ka gaya wa alƙali ba?"

"Na gaya masa. Sai ya tambaye ni sunan yarinyar, na ce Ummi. Ya ce na takarda yake so. Na sunkuyar da kai. Lauyan uwar ya ce kun gani, ko sunanta bai sani ba."

"Mantawa ka yi?"

"Baba, sunan mahaifiyata ne. Ga ta 'yar fari."

Dattijon ya ajiye kofi. "Kunyarmu ba ta jin yaren Malay, ɗana. Ka rasa aure, ka rasa yarintarta, kada ka rasa ta. Faɗa mini, bakinka ya saba."

"Zulaihatu," ya ce a hankali, ya waiga kamar tsohuwar tasa tana bayansa.

"Sake," in ji dattijon. "Ruwan bai ɗauke ba."