Babur Ɗin da Ba Ya Shan Mai

A tashar Illela, Yelwa mai sayar da fetur a kwalba ya zuba wa wani baƙon saurayi ido. Saurayin ya jingine babur ɗin lantarki, sai latsa waya yake.

"Samari, mutuwa ya yi, kaka kiran 'yan jana'iza?"

"Saiti nika yi, Baba. Cikin waya aka ƙara mashi gudu, cikin waya aka ragewa. Ku da kunka saba da hayaƙi, ina za ku gane?"

"To, mi ya hana shi tashi?"

"Na ƙure mashi gudu tun daga Araba, sai ya shanye cajin."

"Latsa wayar ta ƙara mashi mana."

"Ita ma ta kusa mutuwa."

Yelwa ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. "Abu ba ƙara, ba ƙauri, tahiya kamar ɓarawo! Ko kyauta anka ba ni..."

"Rabin 'yan kabu-kabun tashar ga irinshi suka jira daga Sakkwato."

Dariyar ta ɗauke. Yelwa ya dubi kwalabensa da ke jere cikin rana.

"Samari... ko ɗigo bai sha?"